Dutsen da Na Shafa wa Fenti

Ni mutum ne mai zato. Gara in faɗa da bakina tun da wuri, kada wani ya riga ni. In na je sayen nama sai mahauci ya yanka a gabana, in kuwa wani ya gaishe ni da fara'ar da ta fi ta jiya, nan take nake fara tunanin abin da ya zo roƙo. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce ko nononta sai da na shinshina kafin in kama. Da wannan hali na tafi ƙauyen da aka tura ni koyarwa, tsakanin Buza da Karofane, a shekarar da na cika arba'in da ɗaya.

A ƙasan akwatina akwai wata takarda da ba wanda ya san da ita a ƙauyen. Ina ɗan shekara ashirin da tara na shiga gudun maraton a babban birni, kilomita arba'in da biyu da ɗan ɗori, na gama cikin awa uku da minti arba'in. Shaidar ke nan aka ba ni. Na sake shiga sau uku bayan haka, ban ko kusanci wannan lokaci ba. Ba wanda zai ba ni ko ɓarin goro in na rage shi, na sani. Amma gwiwata ta dama ta fara magana in na tashi daga sujada, kuma na san in ban zaftare ko minti ɗaya daga awa uku da arba'in ɗin nan a bana ba, to na bar shi ke nan har abada. So nake in ga saurayin nan ɗan ashirin da tara a bayana, sau ɗaya tak.

Da aka gama girbi aka ɗaure dammuna, sai na fara shirin sake shiga maraton. Abu na farko da mai koyon dogon gudu yake bukata shi ne hanyar da ya san tsawonta. Wayata ƙarama ce, ta kira da amsawa, ba ta auna komai. Don haka na aika wa taubashina, ɗan gwaggona, wanda ke fataucin albasa tsakanin Madawa da kasuwannin ƙauye, na ce ya zo mini da babur ɗinsa. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu bai tsokane ni ba. Wasa ne da muka gada, ba kuma a fushi da shi.

Ya zo ranar Asabar da hantsi. Da ya ji abin da nake so sai da ya kashe babur don ya yi dariya da kyau.

"Bawana," in ji shi, "kai da ad da hurhura ga gemu, mi kaka nema ga gudu? In kura ta, hwaɗi mu kira maharba."

Na ce ya ja mu tafi. Muka bi jar hanyar da ta fita gabas da ƙauye, ina leƙen lambobin da ke juyawa a kan babur ta saman kafaɗarsa, don ban yarda ya karanta mini ba. Da suka nuna kilomita goma cif na dafa shi ya tsaya. Yankin nan na Adar ba ya rasa dutse. Muka mirgino wani mai girman tulu zuwa bakin hanya, a gefen wata gona. Na fito da ragowar fentin da aka shafa wa ƙofofin lakwal, wato makarantarmu, na yi masa fari fat, na rubuta goma da ja, na ja layi a ƙarƙashi.

Can cikin karan gonar wani tsoho yana tsaye yana kallonmu, ya kare rana da tafin hannu. Na ɗaga masa hannu daga nesa, shi ke nan. Ban je na gaishe shi ba. Na riga na yanke a raina cewa in na ce masa gudu nake koyo, kafin magariba duk ƙauye zai ji cewa mushen lakwal, yadda suke kiran malamin makaranta, ya taɓu.

Ranakun aiki nakan yi gajeren gudu bayan sallar asuba, in dawo in yi wanka in shiga aji. Lahadi ce ranar dutse. In tashi daga ƙofar lakwal, in je in taɓa shi, in dubi agogo, in rubuta lokacin a ɗan littafin da nake sawa a aljihu, in juyo. Goma zuwa, goma dawowa. Matan da ke zuwa rijiya sukan kauce su ba ni hanya, wata ta ce, "Mushe, lahiya dai?" in ce lafiya lau ba tare da na tsaya ba, ina jin dariyarsu tana bina.

Lahadin farko na yi awa ɗaya da minti arba'in da biyu. Ta biyu na yi arba'in. Na dawo gida ina waƙa, har mai ɗakina ta tambaye ni ko an yi mini ƙarin girma ne.

Ta uku sai na ga arba'in da uku. Na ce gajiya ce. Ta huɗu arba'in da biyar. Daga nan abin ya yi ta hawa, yau a ƙara mini minti biyu, wani makon a bar ni yadda nake, na gaba a ƙara uku. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a jikina ina jin ƙarfi yana ƙaruwa. Numfashina ya daidaita, wandona ya yi mini yawa, tudun da a da nake hawa ina nishi yanzu ba na ma lura da shi. Amma agogo ya ce ƙarya nake. Na ce ruwa ba ya tsami banza.

Da agogon na fara. A kasuwar Madawa na saye shi, wurin wani mutum da bai yarda ya dube ni cikin ido ba. Na yi kwana uku ina gwada shi da lokacin labaran rediyo, safe da yamma. Bai yi kuskuren ko daƙiƙa biyar ba. Na ji haushi ƙwarai, don da shi ne mai laifin da an huta.

Sai na koma kan tukunya. Na lura miyar gidana ta fara ƙyalli, furar rana kuma ta yi kauri har ludayi yana tsayawa. Wata rana na laɓe a bakin madafa, ni babban mutum mai koyar da ƴaƴan mutane, na ga mai ɗakina tana zuba man shanu cokali biyu a kwanona ita kaɗai. Na fito kamar na kama ɓarawo.

Ba ta ko razana ba. Ta ce, "I, ni na sa. Ka dubi wuyanka, Malam. Mata na ta hwaɗin ban iya riƙon miji ba, wasu na cewa ciwo kaka ɓoyo. Kai kana gudu, ni aka zagi."

Na hana man shanu, na hana fura mai kauri. Ta bi, amma ta yi mako guda ba ta ce mini komai ba sai gaisuwa. Lahadin da ta biyo na yi awa ɗaya da minti hamsin.

Na je wurin majo, ma'aikacin lafiyar ƙauyen, a ɗakin shan magani. Ya ɗebi jinina, ya ɗaure mini hannu ya auna, ya sa abin sauraro a ƙirjina. Ya ce ba ni da komai sai shekaru, su kuwa ba ya da maganinsu. Na fito ina tunanin ko kayan aikinsa sun lalace, ko kuwa ya ga wani abu ya ɓoye mini.

Daga ƙarshe zatona ya sauka inda ya daɗe yana son sauka, kan taubashina. Ban yarda da sammu ba, haka nake faɗa wa ɗalibaina. Amma baki fa? Mutumin nan duk inda ya sauke buhun albasa sai ya ba da labarina. Na ji an ce har kwaikwayon guduna yake yi a tasha. Ranar wata kasuwa ya biyo ta gidana, ya tarar da ni zaune da ɗan littafina ina kallon lambobi. Na gaya masa abin da ke faruwa, a gajarce. A karo na farko a rayuwarmu bai yi dariya ba. Ya karɓi littafin ya duba.

"Wanga abu ba daidai na ba," in ji shi. "Hau mu koma mu sake awon hanyar."

Da ya yi dariya, wataƙila da na hau. Rashin dariyar ne ya tsorata ni. Na ce a raina wata sabuwar tsokana ya shirya, zai kai ni daji ya karanta mini abin da ya ga dama, gobe tasha ta samu labari. Na fizge littafina na ce masa bakinsa ya ishe ni haka, ya bar ni da abin da ya riga ya jawo mini. Tsakanin taubasai ana faɗin abin da ya fi wannan muni, amma da dariya ake faɗa. Ni ban yi dariya ba. Ya dube ni, ya tada babur ɗinsa ya tafi, bai sake biyowa ba.

Akwai safiyar da na kusa ganewa. Ina cikin gudu na wuce wani babban gawo mai rassa biyu, sai wani abu ya ce mini a da can gaba da dutsen nake hango shi. Na kore tunanin. Gawo nawa ne a hanyar, kuma gonaki bayan girbi duk kamarsu ɗaya, kara da tsakuwa. Na tuhumi agogo, na tuhumi matata, na tuhumi majo da ɗan gwaggona. Dutsen kaɗai ban tuhuma ba, saboda ni na ajiye shi da hannuna. Lahadin ƙarshe kafin tafiya na rubuta awa ɗaya da minti hamsin da biyar.

Na tafi birni ne kawai don na riga na ba da sunana, kuma ina jin kunyar a ce na fasa. A lissafin littafina, ko awa huɗu sai da taimakon Allah.

Aka sake mu da sanyin safiya. Na bi jikina yadda ya saba, ban matsa ba. Da na iso allon da aka rubuta kilomita goma, na dubi agogo na ga minti arba'in da takwas. Na ce masu shirya gudun nan sun ajiye allon inda inuwa take, ba inda ya kamata ba. Na san irin aikin mutanenmu. A rabin hanya na ga awa ɗaya da minti arba'in da uku. Nan tsoro ya kama ni da gaske. Ni da wata huɗu ina auna kaina, na san abin da ƙafata ke iyawa. Ko dai allunan ƙarya suke, rabin na biyu zai fito da tsawon da aka ɓoye, ko kuwa na ɗebo da zafi, in na kai kilomita talatin in zube a titi a kwashe ni. Ko wanne ne, dabara ita ce in rage.

Na rage. Wani dattijo da muke tafe kafaɗa da kafaɗa tun farko ya waiwayo ya yi mini alama da hannu in biyo shi. Na ce wannan so yake ya ƙona ni ya samu wanda zai wuce. Na bar shi ya tafi. Duk inda ake ba da ruwa na tsaya na sha a tsaye, na taka a hankali kafin in ci gaba. Ina ta jiran faɗuwar da na yi wa kaina alkawari, a talatin, a talatin da biyar, ba ta zo ba.

Sai a allon arba'in na farka. Agogo ya nuna awa uku da minti talatin da ɗaya, ƙafafuna kuwa cike suke da ƙarfin da na yi ta tattali. Ashe allunan gaskiya suke faɗa tun safe. Na zuba gudu irin wanda ban taɓa yi a ƙarshen maraton ba, ina wuce mutane. Na tsallaka layi a awa uku da minti arba'in da ɗaya da ƴan daƙiƙoƙi. Ban ko faɗi ba. Na tsaya a kan ƙafafuna, da sauran ƙarfina, ina kallon mutanen da suka ba da duk abin da suke da shi suna kwance a ƙasa, ina jin kishinsu.

Kwana biyu da dawowata taubashina ya zo yi mini ban gajiya. Mai ɗakina ce ta aika masa, daga baya na ji. Bai yi zancen abin da ya wuce ba. Ya ji labarin gudun har ƙarshe, sannan ya ce, "Yanzu dai ba abin da zan cuce ka da shi. Hau."

Na hau. Da lambobin babur suka nuna goma, ya tsaya. Babu dutse. Sai wani ɗan gurbi a ƙasa da ɗigon farin fenti a kan tsakuwa. Muka ci gaba a hankali, muka wuce gawon nan mai rassa biyu, muka yi ta tafiya. Sai da muka ƙara fiye da kilomita ɗaya da rabi muka same shi zaune a bakin wata gona, da jan gomansa, kamar nan aka haife shi. Wato a makonnin ƙarshe kilomita ashirin da uku nake yi ina rubuta ashirin.

Kunya ba ta hana ni ba, na juya na dubi taubashina. Ya ɗaga hannu biyu sama ya ce, "Wallahi ka sake dubana haka, nan zan bar ka ka koma da ƙahwa, tunda ka iya."

Muka ɗora dutsen a babur muka dawo da shi gurbinsa. Muna saukewa sai ga tsohon nan ya fito daga cikin gona da gatari a kafaɗa. Wannan karon na je na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, idonsa na kan dutsen. Na ce, "Baba, ko ka san wanda ya ɗauke wannan daga nan?"

Ya dubi dutsen, ya dube ni. Sannan ya ajiye gatarin.

"Mushe, ka yi mani aikin gahwara. Ni na ɗauke shi. Na ga kun zaka bisa moto, kun yi awo, kun aza dutse da jan rubutu. Haka anka yi ma mutanen wani gari da za a hidda hanya, rabin gonakinsu ya tahi. Gonag ga ita ɗai ubana ya bar mani."

Na ce, "To me ya hana ka tambaye ni?"

"Kai ma'aikacin gwamnati na. Kuma kowace Lahadi kana zakuwa da gudu, ka taɓa shi, ka dubi agogo, ka rubuta ga takarda, ka koma da gudu. Munka ce rahoto kaka kaiwa, kuma abin na gaugawa na."

Taubashina ya juya mana baya, kafaɗunsa suna rawa. Tsohon ya ci gaba da bayani. Shi dai iyakar maƙwabcinsa ya kai dutsen a amalanken jaki. Maƙwabcin da ya gani bai mayar masa ba, don kada a yi rigima tsakanin dattawa, sai ya tura shi gaba. Na gaba ma haka. Gona shida dutsen ya kwana. Ba wanda ya yarda ya fasa shi ko ya jefa shi rami, don kayan gwamnati ba a ɓatar da shi, kuma kowa ya kula ya ajiye shi a bakin hanya, rubutun yana kallon inda nake fitowa, yadda ba zan sha wahalar nemansa ba.

Na buɗe baki zan ce masa ya san abin da ya jawo mini, minti ɗaya da ƴan daƙiƙoƙi, shekara goma sha biyu ina jira. Sai ya nuna gonar da haɓarsa.

"Bana ko taki ban kai ba," in ji shi. "Na ce mi za ni wahalshe da jaki, ga gonad da za a amshe."

Na dubi gonar. Ta maƙwabta duk an zuba musu taki tsibi-tsibi, tasa kuwa fayau. Wata huɗu ina lissafin mintoci, shi yana lissafin abin da iyalinsa za su ci baɗi, kuma gaisuwa ɗaya da na ƙi zuwa in yi ita ce tsakaninmu. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Na gaya masa gaskiya duka, cewa gudu kawai nake koyo, ba wanda ya aiko ni, ba wanda zai taɓa masa gona. Sai da na rantse sau biyu, taubashina ma ya rantse. Tsohon ya zauna a kan dutsen ya rufe fuska da hannu yana hamdala. Da ya ɗago ya ce, "Da ka hwaɗa mani, Mushe, ai da ni zan tsare maka shi."

Asabar biyu muka yi, ni da taubashina, muna taya shi jigilar taki. Ban san ko mun cim ma abin da ya rasa ba. Taubashina dai ya samu labarin da zai ci kasuwa da shi har ƙarshen rayuwarsa, na kuma ba shi izini.

Mako uku bayan maraton na sake fita ranar Lahadi, zuwa dutsen da ke inda ya kamata. Ban san shi ne dogon guduna na ƙarshe ba. Da damina ta faɗi gwiwar ta kumbura, majo ya ce in ina son in ci gaba da sallah a tsaye to in haƙura, kuma wannan karon na yarda da shi. Takardar awa uku da arba'in tana nan a akwati, ba a taɓa ta ba.

A ranar na iso dutsen cikin minti arba'in da shida, ban ko matsa ba. Da wannan ƙafar na je birni. Tsohon yana zaune a kansa tun da sassafe, yana gadi kamar yadda ya ce, da ƴar butar ruwa a gefensa. Ya tashi ya ba ni wuri in taɓa. Ya ga na dubi agogo na daɗe ban ɗago ba.

"Yaya, Mushe? Ka makara ko ka yi sauri?"

Na ce, "Na yi sauri, Baba."

"To alhamdu lillahi," in ji shi. "Ashe an samu abin da aka nema."

Ban gyara masa ba. Na sha ruwansa, na yi godiya, na juya gida.